Kingston A400, Samsung 870 EVO da Seagate BarraCuda: gudu za ka saya ko wuri?

A shagunan kwamfuta na Beirut Road da Farm Centre, duk wanda ya je canja ma'adanar laftof ɗinsa sai an ɗora masa zaɓi biyu a kan kanta: SSD, wato ma'adana marar faifai da ke ajiya a ƙwayoyin lantarki, mai gigabait 480 ko 500, da HDD mai faifai mai juyawa, mai terabait 1. Kuɗinsu ba ya cika yin nisa da juna, don haka ido yakan tafi ga wadda ta fi yawan wuri. Mun ɗauki ma'adanai uku da ake yawan samu a Kano, SSD biyu (Kingston A400 da Samsung 870 EVO) da HDD ɗaya (Seagate BarraCuda), dukkansu masu inci 2.5 da ke shiga mahaɗar SATA, wato bakin da ake jona ma'adana a cikin kwamfuta, domin a ga abin da kowace ke bayarwa da inda take gazawa. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, ma'adanar da Windows ke zaune a kanta SSD ta dace ta zama, ko da wurinta rabin na HDD ne. Wuri ana ƙara shi daga baya da wayar USB, amma babu wayar da za ka jona ta ba kwamfuta gudun da ma'adanarta ba ta da shi.

Seagate BarraCuda 1TB

Lambarta ST1000LM048. Kaurinta milimita 7, faifanta yana juyawa sau 5,400 a minti, kuma kamfanin ya ce tana kai megabait 140 a daƙiƙa. Wannan adadi gaskiya ne, amma sai a kan babban fayil guda da ke kwance a jere a gefen waje na faifan. In faifan ya cika aka gangara zuwa tsakiyarsa, gudun yakan ragu har ya kusa rabi, domin zoben ciki ya fi na waje gajarta.

Matsalarta ta ainihi ba a nan take ba. A cikin HDD akwai hannu mai ɗauke da kan karatu, wanda dole ya matsa zuwa layin da bayanin yake, sannan ya jira faifan ya juyo da wurin. Faifai mai juyi 5,400 yana zagaye ɗaya a cikin miliseken 11, wato matsakaicin jira miliseken 5.6 ke nan, ban da lokacin da hannun ya ci wajen tafiya. In aka haɗa duka, kowane nema yana cin wajen miliseken 15 ko fiye, don haka a daƙiƙa guda ba ta iya biyan buƙatun da suka wuce ɗari in suna warwatse. Shi kuwa Windows, daga kunnawa zuwa buɗe Chrome da Word, dubban ƙananan fayiloli yake nema a wurare daban-daban, ga manhajar tsaro tana bincike, ga sabuntawa tana sauka a bayan fage. Wannan ne dalilin da za ka buɗe Task Manager ka ga Disk ya tsaya cak a kashi 100, alhali abin da ke wucewa bai fi megabait biyu ko uku a daƙiƙa ba. Da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa firosesa ce ta tsufa ko kwamfutar ta kamu da bairos, a yi fomatin, bayan wata guda a koma gidan jiya.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a kwali ba. Wannan BarraCuda tana amfani da salon rubutu da ake kira SMR, haka ma takwarorinta WD Blue WD10SPZX da Toshiba MQ04ABF100. A shekarar 2020 ne kamfanonin uku suka fito fili da jerin ma'adanansu masu wannan salo, bayan masu saye sun yi ta ƙorafi. A SMR ana jera layukan rubutu gefen wannan a kan gefen wancan, kamar yadda kafinta ke jera kwanon rufi, domin faifai ɗaya ya ɗauki kaya da yawa. Karatu ba ya shan wahala. Amma in za a canja layi ɗaya, sai an sake rubuta na kusa da shi. Ma'adanar tana ɓoye wannan aiki ta hanyar zuba sabon rubutu a wani keɓaɓɓen fili, ta gyara jeren daga baya in ta samu sarari. Muddin kwafin ya yi tsawo filin ya cika, sai ka ga gudu ya faɗo ƙasa warwas, har ka zaci wayar USB ce ta lalace. Ga wanda zai zuba fina-finai sau ɗaya ya riƙa karantawa, SMR ba ta da laifi. A ɗora mata Windows kuwa, an haɗa mata aikin da ta fi rauni a kansa.

Hukuncinmu a kanta: ma'ajiya ce mai kyau a kuɗinta, shiru gare ta, ba ta cin batir sosai. Gidanta shi ne akwatin USB ko gurbi na biyu.

Kingston A400 480GB

Ita ce SSD ta talaka, kuma ba mu faɗi haka don raini ba. Kingston ya ba ta megabait 500 a karatu da 450 a rubutu, garantin shekara uku, da jimillar rubutun terabait 160, wato yawan abin da aka ƙayyade za a rubuta mata a tsawon rayuwarta. Ba ta da faifai ko hannu mai motsi, don haka nema yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin goma na miliseken. Laftof ɗin da ke cin minti ɗaya da rabi ko biyu kafin a iya taɓa komai, in aka sa mata wannan yawanci takan shirya a ƙasa da rabin minti. Ga ɗalibin BUK mai rubuta furojet, da ma'aikacin ofis, da mai shagon buga takardu da ke buɗe CorelDRAW sau hamsin a wuni, wannan canji ya fi duk wani abin da za su kashe wa kwamfutar kuɗi a kai tasiri.

Inda ta rage kuɗi shi ne ba ta da DRAM. Kowace SSD tana riƙe da taswirar da ke nuna inda kowane bayani yake a cikin ƙwayoyinta. Masu tsada suna ajiye taswirar a ƙwaƙwalwa mai sauri ta daban, ita ce DRAM, A400 kuwa sai ta riƙa komawa ƙwayoyin ajiyar tana dubawa. A aikin yau da kullum ba za ka lura ba. Za ka lura ne in ka kwafa mata gigabait 50 ko 100 a tashi ɗaya: farkon yana tafiya da gudu, in ɗan filin gaggawarta, inda take fara zuba sabon rubutu, ya cika sai ta sauko, wani lokaci har ƙasa da gudun HDD, musamman in ta kusa cika.

Masu gyara sun san wata cuta da ke kama wasu daga cikinsu, tare da sauran SSD masu araha da ke amfani da na'urar sarrafawa ta Phison S11. Rana ɗaya kwamfuta za ta ƙi tashi, a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, a ga sunan ma'adanar ya koma SATAFIRM S11. In haka ta faru taswirar ce ta rikice, kuma dawo da bayanan ya fi ƙarfin shagon gyara na unguwa. Ba kowace ke yi ba, amma ya isa ya zama dalilin da ba za ka bar kwafin furojet ɗinka guda ɗaya tal a kanta ba.

Game da girma, mai 120 ba mu ba kowa shawararta ba. Windows yana nuna ta a matsayin 111, shi kansa ya ci kusan 30, Office da sabuntawa da fayilolin wucin gadi su kai shi 50. Mai 240 tana nuna 223, in ka cire na Windows ka kuma bar kashi 15 cikin ɗari a buɗe, abin da ya rage maka wajen 140 ne. Ya isa ga takardu, amma ajiyar waya guda biyu da bidiyon biki ɗaya za su cinye shi. Mai 480 tana nuna 447, ka tsira da sama da 300, kuma a nan ne mutum ke daina lissafin abin da zai goge duk mako. Wannan ragi ba cuta ba ce daga mai shago: kamfanoni suna ƙirga gigabait da dubu-dubu, Windows yana ƙirgawa da 1,024, shi ya sa terabait 1 ma ke fitowa 931.

Samsung 870 EVO

Ta fito a farkon 2021. Megabait 560 a karatu, 530 a rubutu, wanda kusan shi ne iyakar abin da mahaɗar SATA III za ta iya ɗauka. Tana da DRAM, garantin shekara biyar, jimillar rubutun terabait 300 ga mai 500GB da 600 ga mai 1TB.

Gaskiyar magana, in ka ajiye laftof biyu iri ɗaya, ɗaya da A400 ɗaya da 870 EVO, ka kunna su ka buɗe Word, bambancin ba zai taka kara ya karya ba. Kuɗin da ka ƙara yana fitowa ne a aiki mai nauyi. Ɗauki mai ɗaukar bidiyon biki ko mai tace fim: kyamarar da ke rubuta megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa ɗaya. Kamu, ɗaurin aure da dina da kyamara biyu suna iya haura gigabait 200. Wanda ke zuba wa SSD gigabait 200 kullum zai cinye terabait 160 na A400 a shekara biyu da 'yan watanni, 300 na EVO a shekara huɗu, 600 kuma a shekara takwas. Shi kuwa mai rubuta gigabait 20 a rana, A400 ma za ta kai shi shekara ashirin a lissafi, laftof ɗin za ta riga ta mutuwa. Don haka tsoron da ake yaɗawa cewa SSD tana ƙarewa da wuri bai shafi yawancin mutane ba.

Wani abin lura ga masu tacewa: mai 500GB tana saukowa wajen megabait 300 in filin gaggawarta ya cika, mai 1TB ce ke riƙe gudunta a dogon kwafi. In aikinka bidiyo ne, ka daure ka ɗauki babbar.

Su waye HDD ta fi dacewa da su

Masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya su ne misali na farko. Jarinsu shi ne yawan abin da ke cikin kwamfuta, kuma gudun turawa waya ko katin memori ne ke ƙayyade shi, ba ma'adana ba. In ta wayar USB 2.0 ake turawa, iyakarta megabait 35 zuwa 40 ne a daƙiƙa, kuma HDD mafi lalaci ta wuce wannan. SSD mai terabait 2 a wannan sana'a ɓarnar kuɗi ce. Abin da ya dace shi ne ƙaramar SSD mai 240 ta ɗauki Windows, kaya kuma su zauna a HDD mai inci 3.5 a kwamfutar tebur. Masu juyi 7,200 irin su WD Blue WD10EZEX da BarraCuda ST1000DM010 ba SMR ba ne. ST2000DM008 mai terabait 2 kuwa SMR ce duk da juyinta 7,200 ne, don haka lambar da ke jikin ma'adana ake karantawa, ba sunan da ke kwali ba.

Na'urar kyamarar tsaro ta shago ko gida tana rubutu dare da rana ba hutu. An ƙera mata nata daban, WD Purple da Seagate SkyHawk. Kada a sa mata ta laftof, kada kuma a sa mata SSD mai araha.

Ajiyar dogon zango ma HDD ta fi. SSD tana riƙe bayani ne da cajin lantarki a ƙwayoyinta, cajin kuma yana yoyo sannu a hankali in ba a kunna ta, zafi yana ƙara masa sauri. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙwayoyin lantarki, ga SSD ta masu amfanin gida ita ce ta riƙe bayani shekara ɗaya a zafin digiri 30 bayan ta cinye rubutun da aka ƙayyade mata. Sabuwa tana wuce haka nesa, amma a garin da bazara ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, tsohuwar SSD da aka jefa a durowa ba wurin ajiye hotunan iyali ba ce.

Yanayin Kano yana da nasa hukuncin a ɗaya ɓangaren. Kan karatun HDD yana shawagi ne dab da faifan, tazarar da ta fi gashi siranta sau dubbai. Laftof da aka rufe ba ta gama barci ba aka jefa a jaka aka hau A Daidaita Sahu, kowane rami a hanya bugu ne ga faifai mai juyawa. SSD ba ruwanta da girgiza. Ɗauke wuta kuwa dukkansu yana cutar da su: HDD takan bar fayil rabi da rabi, SSD kuma taswirarta na iya rikicewa in wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu. Laftof mai mataccen batir daidai take da kwamfutar tebur a wannan haɗari, musamman lokacin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Batir mai rai ko ƙaramar UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ɓangare ne na kuɗin ma'adana. Ƙurar hunturu ba ta shiga faifan kai tsaye, fanka da hanyar iska take toshewa, zafi ya taru. HDD ba ta son wuce digiri 60, SSD 70, kuma gara su zauna ƙasa da haka sosai.

Kafin ka miƙa kuɗi

A fara buɗe bayan laftof ɗin a ga irin gurbin da take da shi. Tsofaffi irin HP EliteBook 8470p suna da gurbin inci 2.5 da gurbin DVD. EliteBook 840 G3 tana da na inci 2.5 da na M.2, gurbin siririyar SSD mai kama da sanda, tare, wato ba sai ka zaɓa ba, SSD a M.2, HDD a ɗaya gurbin. 840 G5 kuwa M.2 kaɗai gare ta, babu ɗaya daga cikin ukun nan da zai shige ta. M.2 ma kala biyu ce, SATA da NVMe, kuma shigar sanda cikin rami ba ya nufin za ta yi aiki, sai an duba takardar bayanin kwamfutar. NVMe a kan PCIe 3.0 tana kai megabait 3,500, amma tsallen da ake ji a jiki shi ne daga HDD zuwa kowace SSD. Daga SATA zuwa NVMe sai mai manyan fayiloli ne zai gane.

In laftof ɗin tana da gurbin DVD, ana cire shi a sa kadi, wato ɗan gidan ƙarfe mai ɗaukar ma'adana ta biyu. Kala biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, a auna kafin a saya. SSD ta shiga ainihin gurbin, HDD ta koma kadi, domin a wasu kwamfutocin mahaɗar DVD ba ta kai ta ainihi gudu ba.

Kayan da ya yi suna shi ake yi wa jabu, kuma A400 da 870 EVO duk sun yi suna. A jona ma'adanar a gabanka a shago. CrystalDiskInfo zai nuna suna, lambar siriyal da awannin da ta yi tana aiki, a gwada siriyal ɗin da na jikin takardar da ke manne. Samsung Magician yana tantance ta Samsung, Kingston SSD Manager kuma ya kamata ya gane ta Kingston. Mai ƙaryar girma, wadda ke nuna terabait 1 alhali cikinta bai kai ba, H2testw ne ke tona ta, domin yana cika ta gaba ɗaya ya sake karantawa. Yana cin awanni, don haka a yi yarjejeniyar dawowa kafin a bar shagon. Ga HDD ta hannu, layuka uku ake dubawa a CrystalDiskInfo: 05, C5 da C6, masu ƙirga wuraren faifan da suka samu matsala. In ɗaya daga cikinsu ya wuce sifili, ko manhajar ta nuna launin rawaya, kada a saye ta komai araharta. Garantin shekara uku ko biyar da ke kwali ba kasafai yake da sauƙin bi daga nan ba, wanda zai amfane ka shi ne na mai shago, a rubuce a rasit tare da siriyal. Farashi yana bin dala, don haka ka raba kuɗin kowace da yawan gigabait ɗinta a ranar, ka tambayi shago uku.

Wajen ɗorawa, sabon Windows daga filas mai gigabait 8 ya fi kwafe tsohon ɗungurungum, domin kwafi yana tahowa da duk tarkacen da ke ciki. In dole sai an kwafa, abin da ke kan tsohuwar ya zama bai kai girman sabuwar ba, kuma in BitLocker, tsarin Windows mai kulle ma'adana, yana kunne a ajiye makullinsa ko a kashe shi tukuna. A cire caja da batir kafin a taɓa komai. A BIOS a tabbatar SATA tana kan AHCI. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin tsohuwar HDD a jone lokacin ɗora Windows: sai ya bar fayilolin tayarwa a kanta, ranar da aka cire ta ko ta mutu kwamfutar ta ƙi tashi alhali SSD lafiyarta ƙalau. A cire ta, a gama, sannan a mayar. Bayan haka a buɗe Command Prompt a rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify, in amsar sifili ce TRIM, wato umarnin da ke sanar da SSD wuraren da aka goge domin ta share su, yana aiki. A sani kuma cewa da TRIM, fayil ɗin da aka goge daga kwandon shara ya tafi ke nan, manhajojin dawo da bayanai da ke aiki a HDD ba sa cika samun komai a SSD.

SSD ba ta maye gurbin ram, wato ƙwaƙwalwar da ke riƙe manhajojin da ke buɗe. Mai gigabait 4 zai ji sauƙi, amma Chrome zai ci gaba da shaƙe shi har sai ya kai 8. Haka kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma in firosesar Intel ce sai ta ƙarni na takwas zuwa sama. In laftof ɗinka ta girmi haka, A400 ta ishe ta, kada ka zuba mata kuɗin EVO sai in kana da niyyar ɗauke ma'adanar zuwa wata kwamfutar.

Tsohuwar HDD ɗin da aka cire kada a bar wa mai shago a matsayin ragin kuɗi, hotunanka da takardunka suna ciki, kuma fomatin na gaggawa ba ya share su. In layukanta 05, C5 da C6 suna kan sifili, a saya mata akwatin USB 3.0, wanda cikin bakinsa yawanci shuɗi ne. Ta nan gigabait 100 na manyan fayiloli suna wucewa a wajen kwata na awa, a USB 2.0 kuwa sai sun kusa minti hamsin. A riƙa kwafa mata muhimman fayiloli duk mako, a cire ta ta hanyar Eject, a ajiye ta a wurin da ba cikin jakar laftof ɗin ba.